Farautar Faifan Bob Dylan

A jikin akwatin an rubuta cewa cikakken tarin kundayen mawaƙin Amurka Bob Dylan ne. Kamfanin Columbia ya fitar da shi a ƙarshen 2013, da faifan CD 47 a ciki (wasu kundayen faifai biyu ne): kundi 35 na situdiyo, tun daga na farko na 1962 har zuwa Tempest na 2012, da kundi 6 na wasannin da ya yi a gaban jama'a, sai wasu faifai 2 da aka tsinto waƙoƙin da ba su da gida aka zuba a ciki. Ƙanena ne ya ɗauko mini shi daga Ingila. Da ya dire shi a tsakar ɗaki sai ya ce, "To Yaya, ga shi nan, sai a huta ko?" Na ce masa Allah Ya sa. A raina kuwa na san akwatin nan bai ɗauki ko rabin abin da mutumin ya naɗa ba. Su ma masu akwatin sun san haka, don a wutsiyar sunan sun maƙala "kashi na ɗaya", na biyun kuwa har yau shiru.

An haifi Dylan a 1941 a Duluth ta jihar Minnesota, sunansa na yanka Robert Zimmerman, ya girma a Hibbing, garin masu haƙar tama. A farkon 1961 ya sauka New York da jita da harmonika yana rera waƙoƙin gargajiyar Amurka, a 1965 ya rungumi jitar lantarki da kiɗan rok, a 2016 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi. Mu nan da yawa mun ji muryarsa tun kafin mu san sunansa, a waƙar nan ta 1985 da mawaƙan Amurka suka haɗu suka yi don agaza wa masu fama da yunwa a Habasha. Shi ne mai shaƙaƙƙiyar muryar nan ta hanci da ke shigowa can gaba, wadda yara ke kwaikwayo suna dariya. Ni dai sai da karatu ya kai ni Manchester na fara sayen faifansa a shagunan gwanjo, fam biyu, fam uku, abin da hannu ya kai. Manyan kundayen ba su ba ni wahala ba. Yanzu sun kai 40 idan an haɗa da Shadow Kingdom na 2023, kuma mai kuɗi zai iya haɗa su duka a zama guda.

Wahalar tana cikin ƙananan abubuwan da suka warwatsu. A wancan zamani mawaƙi kan fitar da ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska, kuma ba dole ne waƙar ta shiga wani kundi ba. Akwai waƙar da ya yi a 1971 a kan George Jackson, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar da masu gadi suka harbe a kurkukun San Quentin. Iri biyu ya yi ta, ɗaya shi kaɗai da jita, ɗaya da cikakkun makaɗa. Ta farkon tana cikin akwatin, ta biyun kuwa sai na nemo wani tari mai suna Masterpieces da aka buga a 1978 don kasuwar Japan da Ostireliya. Akwai kuma inda ya ɓuya a faifan wasu. Shi ya busa harmonika a wata waƙar Harry Belafonte da ta fito a 1962. A 1963 ya yi wa wani ƙaramin kamfani waƙoƙi da sunan bogi, Blind Boy Grunt, saboda yarjejeniyarsa da Columbia ta ɗaure shi. A 1988 ya shiga Traveling Wilburys tare da George Harrison da Roy Orbison da Tom Petty da Jeff Lynne, kowannensu da sunan aro a bangon faifan. Ga waƙoƙin finafinai, ga na bukin karrama wasu mawaƙa. Irin waɗannan sai ka sayi faifai guda sukutum saboda minti huɗu.

Da abin ya fara yawa sai na buɗe rajista, wani babban littafi mai bangon kwali irin na 'yan kasuwa. Na ja layuka: ranar da aka naɗa, gari da situdiyo, sunan waƙa, ɗauka ta nawa ce, sai faifan da ta fito a ciki. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Olof Björner ya kwashe shekaru yana jera kusan kowane zaman situdiyo da kowane wasa na Dylan rana bayan rana, kuma a kan aikinsa na dogara wajen kwanan wata. Wannan rajista ita ta sauya mini komai, domin da na bar bin shekarar da faifai ya fito na koma bin ranar da aka naɗi waƙa, sai na fara jin wani mutum dabam da wanda kundayen ke nunawa.

Ɗauki kundin Blood on the Tracks, wanda da yawa ke cewa shi ne gwaninsa. Ya naɗe shi kaf a New York cikin watan Satumba na 1974, har an buga faifan gwaji an raba wa wasu. Da ya je hutu Minnesota ya kunna wa ƙanensa David, sai aka yanke shawarar a sake. A ranakun 27 da 30 ga Disamba aka tara makaɗan Minneapolis aka sake waƙa biyar cikin goma, kundin ya fito a Janairun 1975. Sai a 2018 aka fitar da zaman New York gaba ɗaya, faifai 6, a jere kamar yadda aka yi shi. Na saurare shi da dare da abin kunne, bayan janareton maƙwabta ya mutu. A wasu waƙoƙin shi kaɗai ne da jita, sai mai kiɗan bes a gefe, kuma akwai wani ɗan sauti da ke ta maimaituwa, ƙas, ƙas, a ƙarƙashin kiɗan. Maɓallan rigarsa ne ke bugun jikin jitar. Ba wanda ya tsayar da shi ya ce ya tuɓe rigar. Waƙar Idiot Wind da duniya ta sani, ta Minneapolis, tsawa ce da zargi, mutum na nuna wa matarsa yatsa. Ta New York kusan baitocin nan ne, amma a hankali yake furta su, murya ƙasa-ƙasa, har ka ji rabin laifin a kansa yake ɗorawa. Wata uku ne kawai tsakaninsu. Ni ta New York na fi so, kodayake na gane dalilin da ya sa ya ji tsoron fitar da kundi mai sanyi haka daga farko har ƙarshe. Na Minneapolis kuwa, ɗaukar da aka zaɓa kaɗai ta tsira, don haka a rajistata ranakun nan biyu layi biyar ne kacal, alhali Satumba ta cinye shafuka.

Wannan hali nasa na barin mai kyau a waje shi ke hana mai tarawa tsayawa a kundaye. A 1983, lokacin aikin kundin Infidels, ya zauna a fiyano, Mark Knopfler na riƙe da jita, ya rera waƙa a kan Blind Willie McTell, makahon mawaƙin bulus na jihar Jojiya da ya rasu a 1959. Cikin minti shida ya ratsa tarihin bauta da gonakin kudancin Amurka. Ya gama ya ajiye ta, ya cika kundin da wasu waƙoƙin da ko kusa ba su kamo ƙafarta ba. Sai 1991 ta fito. Haka ya yi a Oh Mercy na 1989, haka ya yi a Time Out of Mind na 1997, inda ya cire waƙar Mississippi ya sake naɗarta bayan shekara huɗu. Wanda ya bi kundaye kawai zai ce shekarun 1980 duk fari ne a gonar Dylan. Wanda ya bi ranakun naɗi zai ga ruwa ya sauka, mai gonar ne ya ƙi kai amfanin kasuwa.

Masoyansa sun gano haka tun da wuri, shi ya sa da shi aka buɗe kasuwar faifan bayan fage a duniyar rok. Bayan hatsarin babur da ya yi a Yulin 1966 ya janye daga idon jama'a, a 1967 kuma ya riƙa zama da makaɗansa, waɗanda daga baya suka zama The Band, a ɗakin ƙasa na wani gida mai fentin ruwan hoda kusa da Woodstock. Ɗaya daga cikinsu, Garth Hudson, ne ke kunna tef. Sun rera tsofaffin waƙoƙi, sun ƙirƙiro sababbi, sun yi shirme suna dariya. Ba don sayarwa aka yi ba, amma wasu suka zurare, a 1969 suka bayyana a Los Angeles cikin wani faifai mai farar riga ba rubutu, wanda aka laƙaba wa Great White Wonder. Columbia ta fitar da nata a 1975, waƙa 24, amma 8 daga ciki na The Band ne ba Dylan, an kuma ƙara wa wasu kiɗa daga baya. Cikakken abin, ɗauka 138 a faifai 6, sai 2014. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haɗa waƙoƙin Alhaji Mamman Shata ya san irin wannan ciwon kai: wata tana ma'ajiyar gidan rediyo, wata tana kaset ɗin wani tsohon direba, wata kuma an yi ta sau da yawa, kowane yi da nasa baitocin. Sa'ar masu bin Dylan ita ce akwai kamfanin da ya adana tef ɗin ya rubuta kwanan wata a jikin kwalinsu.

Daga 1991 kamfanin ya shiga kasuwar da kansa, ya soma jerin da ya kira Bootleg Series, ya ari sunan da ake kiran faifan sata da shi. Fitowar farko waƙa 58 ce a faifai 3. Zuwa 2023 jerin ya kai kashi na 17, kuma a nan aljihu ke kuka, don kusan kowane kashi iri biyu ake yi: ƙarami mai faifai 2 na kowa da kowa, da babba na irinmu. Mafi tsanani shi ne na 2015, The Cutting Edge, wanda babbansa faifai 18 ne, kwafi 5,000 kacal, dala 600 ba ko sisin ragi. A ciki akwai duk abin da tef ya kama a situdiyo daga farkon 1965 zuwa farkon 1966, har da tari da gardama da waƙar da ta watse bayan daƙiƙa goma. Faifai guda cur an ba waƙar Like a Rolling Stone. A ranar 15 ga Yunin 1965 tana tafiya ne da wani lanƙwasasshen taki mai bugu uku, yana fiyano, muryarsa a gajiye. Washegari aka sauya takin. Al Kooper, wanda da niyyar kaɗa jita ya zo, ya lallaɓa ya zauna a ogan, kayan da ba gwaninsa ba ne, shi ya sa yake shigowa ɗan baya kaɗan da sauran, yana jiran ya ji inda suka dosa. A ɗauka ta huɗu suka same ta. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ba su san sun samu ba, suka ci gaba da maimaitawa har sau goma sha ɗaya, kowace tana lalacewa.

Dole a nan mutum ya yanke wa kansa iyaka, ni kuwa tawa ita ce sauti nake tarawa, ba kayan tarihi ba. Kundin The Freewheelin' na 1963 misali ne. Dab da fitowarsa aka cire waƙa huɗu aka sa wasu, ciki har da wadda ke yi wa ƙungiyar John Birch ta masu tsananin ƙin kwaminisanci shaguɓe, wadda a kanta ya fice daga shirin talabijin na Ed Sullivan da aka hana shi rera ta. 'Yan kwafi kaɗan na tsohon zubin sun kuɓuta, kuma masu neman su kan karkata faifan ga haske su karanta ƙananan lambobin da aka zana kusa da tsakiyarsa, don a wasu kwafin rubutun takardar na sabon zubi ne, sautin kuma na tsoho. Dubban daloli ake sayensu. Ban taɓa sa rai ba, tunda dai ina da waƙoƙin ta wata hanya. Amma na sayi kundaye takwas na farko sau biyu, sitiriyo da mono, don a shekarun 1960 haɗin mono aka fi ba kulawa. A sitiriyon kundayen farko za ka ji murya a tsakiya, jita a kunne ɗaya, harmonika a ɗaya, kamar mutum uku ne a ɗakin alhali shi kaɗai ne.

Wani abin kuma doka ce ta haife shi. A Turai, sautin da aka naɗa aka ajiye shekara 50 ba a fitar ba, haƙƙin mallakarsa ya faɗi. Don haka a ƙarshen Disamban 2012 kamfanin ya kwashi ragowar naɗin 1962, ɗauka 86, ya buga kwafi kusan 100, ya watsa a 'yan shaguna a Turai ba talla ba sanarwa. Ko kunya ba su ji ba, a bangon suka rubuta cewa tarin tsawaita haƙƙin mallaka ne. Haka suka sake yi da na 1963 da na 1964. Ba a yi su don a saya ba, an yi su ne don lauya ya ce an fitar. Irin waɗannan a wajen 'yan uwa masu tarawa ake samun sautinsu, kuma suna da ƙa'ida mai tsauri: musaya ake yi, ba a karɓar kuɗi, ba a kuma yarda da MP3, sai sautin da ba a matse ba.

Na zauna a Manchester, na sha wucewa ta gaban Free Trade Hall, wanda yanzu otal ne. A nan ya yi wasa ranar 17 ga Mayun 1966, rabin farko shi kaɗai, rabi na biyu da kayan lantarki, har wani daga cikin 'yan kallo ya ƙwala masa kiran maci amana, ya ambaci sunan Yahuza. Dylan ya ce bai yarda da shi ba, maƙaryaci ne, aka kuma saki kiɗa da ƙarfi. Shekara da shekaru masu faifan sata suna sayar da wannan dare da sunan Royal Albert Hall na Landan, har da kamfanin ya fitar da shi a 1998 sai ya bar sunan ƙaryar a cikin alamar zance. A 2016 aka fitar da duk abin da ya tsira na rangadin 1966, faifai 36. Kusan waƙoƙi iri ɗaya ne kowane dare, kuma na ƙarshe-ƙarshen akwatin 'yan kallo ne suka ɗauka da ƙananan rikoda, sai gunji kake ji daga nesa. Waɗannan na saurare su sau ɗaya na shigar a rajista, ban ƙara komawa ba. Amma bin sauran a jere, daga Sidni zuwa Dablin zuwa Faris, yana nuna yadda gajiya ke cin muryarsa a rabin farko, da yadda ihun 'yan adawa ke ƙara wa rabi na biyu zafi.

Mai neman cikawa ba shi da ikon tsallake abin da bai so. Na sayi Knocked Out Loaded na 1986 da Down in the Groove na 1988, na sayi na waƙoƙin Kirsimeti na 2009, na sayi Dylan na 1973, wanda Columbia ta harhaɗa daga tarkacen situdiyo bayan ya koma kamfanin Asylum, abin da kowa ya ɗauka ramuwar gayya ce. Akwai kuma kundaye uku na 1979 zuwa 1981, lokacin da ya shiga addinin Kirista ya koma wa'azi da waƙa. Wani abokina da muke wannan hauka tare ya ce shi tarinsa ya yi tsalle daga 1978 zuwa 1983, kuma ban ga laifinsa ba. Ni na ajiye su a matsayin shekaru uku na aikin mutumin, kuma a fagen kiɗa zalla, makaɗan da ya yi yawo da su a lokacin suna cikin mafi ƙwarewa da ya taɓa samu. Wasannin wancan lokaci da aka fitar a 2017 sun fi Saved, ɗaya daga kundayen ukun, rai nesa ba kusa ba.

Adanawa a ƙasarmu wani aiki ne dabam. Faifan garmaho ba ya shiri da zafi. Wani kamfanin aika kaya ya taɓa riƙe mini kunshi a ma'ajiyarsa cikin bazara, da na buɗe Masterpieces ɗin nan da na sha wahalar nema, faifai ɗaya cikin ukun ya lanƙwashe, allura na hawa tana sauka. A tsaye ake jera su, nesa da bangon da rana ke duka. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramukan sautin, sai an wanke da tataccen ruwan nan na masu cajin batir, ba mai asid ɗin ba, a goge da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen. CD ɗin duk na kwafe su a ma'ajiyar kwamfuta guda biyu, ɗaya a gida ɗaya a ofis, a jere bisa ranakun rajista.

Iyaka ta biyu da na yanke ita ce ta wasannin dandali. Tun Yunin 1988 yake yawon da ake kira rangadin da ba ya ƙarewa, ya haura wasa 3,000 a 2019, kuma kusan kowanne akwai wanda ya ɓoye rikoda ya ɗauka, har a 'yan shekarun nan da ake kulle wayoyin 'yan kallo a jaka a bakin ƙofa. Ba ya rera waƙa yadda ya rera ta bara, wani lokaci sai ya kai amshi kafin ka gane wace ce. Wanda ya ce sai ya haɗa waɗannan duka, sauraron kawai zai cinye masa shekaru. Nakan zaɓi dare ɗaya ko biyu a kowace shekara, wanda sautinsa ya fita, in bar sauran.

Abin da ba a fitar ba yana Tulsa ta jihar Oklahoma, inda aka sayi ma'ajiyarsa a 2016 aka kuma buɗe cibiya da sunansa a Mayun 2022. Dokar shekara 50 ɗin nan ita ke tatso shi a hankali, har mutum na iya hasashen abin da ke tafe. A 2024, shekara 50 cif da rangadinsa da The Band, aka saki faifai 27 na wasannin 1974. Da wannan lissafi 2028 nake jin tsoro, domin a 1978 wasa 114 ya yi daga Japan zuwa Ostireliya zuwa Turai zuwa Amurka, kuma dare biyu na Tokyo kaɗai aka fitar a cike. Kantar faifan ta riga ta cika, uwargida kuma ta ce ba za a shigo mata da wata falo ba.